Habasha: yadda ake zaman yau da kullum da motar lantarki

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 2024, ministan sufuri na ƙasar Habasha, Alemu Sime, ya ba da sanarwa cewa gwamnati ba za ta ƙara yarda a shigo da ƙananan motoci masu shan esansi ko gazuwal cikin ƙasar ba, sai masu aiki da lantarki kaɗai. Babu ƙasar da ta riga Habasha yanke irin wannan hukunci a duniya duka. Ƙasashen Turai masu arziki sun daɗe suna shawara bisa ranar da za su bar sayar da sababbin motocin mai, galibi suna aje ranar wajen shekara goma ko fiye a gaba. Habasha kuwa, wadda kusan rabin jama'arta ba su da wutar lantarki a gida, ta rufe ƙofa gaba ɗaya. A watan Agusta na wannan shekara aka faɗaɗa dokar, ta hau kan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin duniya da ke zaune a Adis Ababa, birnin da cibiyar Tarayyar Afirka take.

Wanda ya ji labarin daga nesa yana iya zaton ƙyamar hayaƙi ce ta kawo dokar. Hayaƙi yana ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Maganar kuɗi ce. Tun da Eritiriya ta ɓalle a shekarar 1993, Habasha ba ta da bakin teku. Kusan duk litir ɗin man da ake ƙonawa a ƙasar ta tashar jiragen ruwa ta Jibuti yake shigowa, sa'an nan manyan motocin tanki su hauro da shi tafiyar wajen kilometir 900 zuwa babban birni. A shekarun da suka gabaci dokar, ƙasar tana kashe fiye da dalar Amurka miliyar 4 kowace shekara wajen sayen mai, alhali duk abin da ta samu a 2023 daga sayar da kofi da zinariya da riɗi da furanni da sauran hajarta bai kai miliyar 4 ba. Watau ɗan abin da manomin kofi ya samo wa ƙasa, tankin mota ne ke shanye shi. A watan Disamba na 2023 gwamnati ta kasa biyan ruwan wani bashi, dalar Amurka miliyan 33, aka lissafa ta cikin ƙasashen da bashi ya fi ƙarfinsu. Dokar motoci ta fito bayan wannan da wata ɗaya da ƴan kwanaki.

A gefe guda kuma ga ruwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na lantarkin Habasha daga madatsun ruwa yake fitowa. Babbar madatsar da aka soma ginawa a 2011 bisa kogin Nilu, reshen da mutanen ƙasar ke kira Abay, kusa da iyakar Sudan, ta fara ba da wuta a watan Fabrairu na 2022, aka yi bikin buɗe ta ranar 9 ga Satumba 2025. Ƙarfinta megawat 5,150 ne, ba ta da ta biyu a Afirka. Habasha tana sayar wa Jibuti da Kenya wuta. Lissafin hukuma ke nan a taƙaice: mai na waje ne, da kuɗin waje ake sayensa, wuta ta gida ce, da Bir, kuɗin ƙasar, ake biyanta.

To, wannan lissafin ofis ne. Lissafin mai mota dabam yake, kuma shi ne ya kamata a duba, domin doka ba ta tafiya sai a ƙafar wanda ya sayi motar.

Sayen mota

Kafin dokar 2024 an riga an share hanya. A watan Yuli na 2020 kamfanin Marathon Motor na shahararren ɗan tseren nan Haile Gebrselassie ya harhaɗa motar lantarki ta Hyundai a Adis Ababa, aka miƙa ta farko ga Firaminista Abiy Ahmed. A watan Satumba na 2022 ma'aikatar kuɗi ta ɗauke wa motocin lantarki yawancin haraji, ta bar kuɗin duwan kaɗai: kashi 15 cikin 100 ga motar da ta zo a haɗe, kashi 5 ga wadda ta zo rabi a haɗe, wadda kuwa ta zo gunduwa-gunduwa domin a harhaɗa ta cikin ƙasa ba ta biyan kome. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne a ƙasar da harajin motar mai kan ninka kuɗin motar sau biyu ko fiye, har tsohuwar Toyota mai shekara ashirin ta zama dukiya.

Duk da haka motar lantarki ba ta talaka ba ce. Mafi ƙanƙanta cikinsu miliyoyin Bir ake sayar da ita. Ranar 29 ga Yuli 2024 gwamnati ta saki kuɗinta ga kasuwa, bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI. Dalar Amurka guda da ake canzawa wajen Bir 57 ta haye Bir 100 cikin ƴan makonni, kuɗin kowace mota da ake shigowa da ita ya bi ta. Ma'aikacin gwamnati mai albashi ba ya ko taya ta. Masu saye su ne ƴan kasuwa, da ma'aikatan manyan kamfanoni, da masu ƴan'uwa a ƙasashen waje, sai kuma direbobin taksin da ake kira ta wayar salula, waɗanda kan ci bashin banki su saya.

Yawancin motocin ƙirar ƙasar Sin ne. BYD ce ta fi yawa a titi, sa'an nan akwai Toyota da Volkswagen na lantarki waɗanda su ma a Sin aka ƙera su. Da yawa domin kasuwar Sin aka yi su tun asali, dillalai suka biyo da su ta Dubai. Mai saye yakan tarar da allon gaban direba yana magana da Sinanci, takardar bayani ma haka, kuma babu wani wakilin kamfani a gari da zai ɗauki nauyin motar in ta sami matsala. A 2025 hukuma ta ce motocin lantarki da ke ƙasar sun haye 100,000, tana kuma fatan su kusa rabin miliyan kafin 2030. Wannan lissafin gwamnati ne. Amma wanda ya tsaya bakin titin Bole ba ya bukatar takarda kafin ya ga an sami canji.

Cajin batir

Mai motar esansi ba ya tunanin mai sai allura ta sauka. Mai motar lantarki kuwa kullum da lissafi yake kwana. Dalili shi ne lokaci. Cika tanki minti biyar ne; cika batir ya danganta da bakin da aka sha. Ana auna abin da batir ke ɗauka da kilowat-awa, watau irin ma'aunin da kwantar gidan kowa ke ƙirgawa, wanda ake biya a takardar wuta. Batirin ƙaramar mota yana ɗaukar tsakanin kilowat-awa 30 da 60. In aka jona shi a bangon ɗaki kamar firji, wutar da ke shiga ba ta wuce kilowat 2 ko 3 ba, don haka batir mai 40 da ya ƙare sarai zai ci awa goma sha biyar ko fiye kafin ya cika. In mai gida ya kafa akwatin caji na musamman mai kilowat 7, awa shida ta isa: a jona bayan isha'i, da asuba an gama. Manyan injunan caji na bakin titi su ne masu sauri, suna kai batir kashi 80 cikin 100 cikin rabin awa ko minti arba'in.

Daga nan ake gane cewa motar lantarki ta raba mutanen Adis Ababa gida biyu. Mai gidan kansa da fili da ƙofa da kwanta tasa ya huta. Yana dawowa da yamma ya jona mota kamar yadda yake jona waya, gari ya waye ya tarar da ita a ƙoshe. Bai san layin gidan mai ba, a birnin da ake yawan ganin motoci jere da juna tsawon titi suna jiran tanki ya iso daga Jibuti. Wanda ya taɓa ɓata rabin yini cikin irin wannan layi ya san darajar wannan hutu, kuma masu motocin suna yawan ambatarsa tun kafin su ambaci kuɗi.

Amma dubban iyalai a Adis Ababa cikin dogayen benaye suke zaune, irin waɗanda gwamnati ta gina ta sayar ɗaki-ɗaki tun wajen shekarar 2005. Ba a yi su da tunanin kowa zai ja wuta zuwa mota ba. Wanda ke hawa na huɗu sai dai ya zuro waya ta taga, ko ya yi ciniki da mai shago na ƙasa, ko ya roƙi wurin aikinsa. Zuro waya kuwa yana da haɗari: siririyar wayar da aka yi domin fitila da rediyo, in ta ɗauki nauyin mota dare guda tana yin zafi, kuma lokacin damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ba ya ɗaukewa a birnin. Akwai kuma maganar maƙwabta. Unguwar da aka kafa wa taransifoma gwargwadon fitilu da murhun gasa injera, gurasar ƙasar, in motoci goma suka hau kanta lokaci ɗaya, wuta na iya faɗuwa ga kowa, har da wanda ko keke ba ya da shi.

Ɗaukewar wuta ma ba baƙuwa ba ce. Abin mamaki ne ga wanda ya ji girman madatsar, amma samar da wuta dabam, kai ta gida dabam. Wayoyi da turakai da taransifomomin birnin sun tsufa, gari kuma ya yi girma ya bar su a baya. Mai mota yakan jona da dare ya kwanta da tabbaci, da safe ya iske batir yadda ya bar shi. Saboda haka masu wayo ba su bari ya sauka ƙasa da rabi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da a ce an yi karin maganar yau, da motar lantarki za a ce ana nufi.

Wuraren caji na jama'a su ne suka kamata su rufe wannan giɓi, kuma nan ne gwamnati ta sa keke gaban doki. Doka ta fito kafin a gina su. A watan Fabrairu na 2025 kamfanin waya na gwamnati, Ethio Telecom, ya buɗe babban wurin caji a kan hanyar Bole zuwa Megenagna, mai ɗaukar mota 32 lokaci guda, ana biya ta wayar salula. A wannan shekarar dai hukuma ta amsa da bakinta cewa wuraren cajin ƙasar duka ba su wuce ɗari ba, mafi yawansu cikin babban birni, alhali ana bukatar fiye da 2,300.

Abin da ke shiga aljihu

Dalilin da ya sa mutane ke jure wannan wahala a bayyane yake in an yi lissafi. Tun tsakiyar 2022 gwamnati ta soma janye tallafin mai kaɗan-kaɗan. Litir ɗin esansi da bai kai Bir 40 ba a farkon 2022 ya haye Bir 100 a watan Janairu na 2025, ya wuce 120 kafin tsakiyar shekarar. Ƙaramar mota tana shan wajen litir 7 a kilometir 100, watau Bir 840 bisa wannan farashi. Motar lantarki mai girmanta tana cin wajen kilowat-awa 15 a wannan tafiya. Kafin watan Satumba na 2024 kilowat-awa guda a gida bai kai Bir 3 ba, yana cikin mafi araha a duniya. Daga wannan wata aka fara ƙara kuɗin wuta duk bayan wata uku, bisa tsarin shekara huɗu. To, a ɗauka ma ya kai Bir 10: tafiyar kilometir 100 ta tashi Bir 150 ke nan, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin esansi ba.

Ga mai zuwa ofis ya dawo, wannan rara ce mai daɗi, amma za ta ɗauki shekaru kafin ta mayar da kuɗin motar. Ga direban taksi mai yin kilometir 150 ko 200 a yini, ita ce bambanci tsakanin riba da faɗuwa. Shi ya sa direbobi suka fi kowa rungumar abin, su ne kuma suka fi kowa cika wuraren caji da tsakar rana. Sai dai awar da direba ya yi yana jiran layi da caji, awa ce da bai ɗauki fasinja ba, wannan kuma ba ya fitowa cikin lissafin ma'aikatar sufuri.

Ƙasar kanta ta dace da motar ta wata fuska. Adis Ababa tana bisa tudu mai tsawon fiye da metir 2,300. A can iska ba ta da kauri, injin esansi yana rasa wani kashi na ƙarfinsa domin ba ya samun isasshen numfashi. Injin lantarki ba ruwansa da iska. Gari ne mai hawa da gangara, motar lantarki kuwa in tana gangarawa injinta yakan juya ya zama mai samar da wuta, ya mayar wa batir wani abu, ya kuma rage cin birki. Sa'an nan babu zafi mai tsanani, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batir. Wani abu guda da ba a saba da shi ba shi ne shiru. Motar ba ta da ƙara in tana tafiya a hankali, a titunan da masu tafiya a ƙasa da tumaki da jakuna suka saba kauce wa mota da kunne.

Ranar da ta lalace

Motar lantarki ba ta da buji, ba a juye mata man inji, ba ta da bututun hayaƙi, abubuwan da ke motsi cikin injinta kaɗan ne in an gwada da na esansi. Wata da watanni sai ta yi ba ta ga garaji ba, in ban da taya, wadda takan ci da wuri saboda nauyin batir. Wannan gaskiya ne, kuma masu talla ba su gajiya da faɗarsa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne ranar da ta tsaya.

Makanikin Adis Ababa gwani ne. Shi ne ya riƙe tsofaffin taksin Lada masu shuɗi da fari, ƙirar Tarayyar Sobiyet, suna yawo shekaru bayan ƙasar da ta ƙera su ta rushe. Da kunne yake gane ciwon inji, in kayan gyara ya ɓace ya ƙera wani. Amma motar lantarki ba ta faɗin ciwonta ga kunne, sai ga kwamfuta mai ɗauke da manhajar kamfanin da ya yi ta. Wutar da ke cikin batirinta tana kai bolt 300 zuwa 400, tana kisa nan take in an taɓa inda bai kamata ba. Garejin da suka iya aikin kaɗan ne, kusan duka a babban birni, kuɗinsu kuma da tsada. Ƙaramin haɗari da zai fasa fitila ko ya lanƙwasa ƙofa yana iya zaunar da mota makonni ko watanni ana jiran kaya daga Sin ko Dubai, domin babu tarin tsofaffin irinta da za a ciro wani abu daga jikinsu, kamar yadda ake yi wa Toyota. Batirin kuma a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, inda dutse da ramin titi ke iya dukansa. Shi ne kashi mafi tsada a jikinta, yakan kai sulusin kuɗin motar ko fiye.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi a zuciyar mai saye, wanda baƙo ba zai gane da wuri ba. A Habasha mota ba abin hawa kaɗai ba ce, ma'ajiya ce. Shekara da shekaru farashin kaya yana hawa, Bir yana zubewa, mai ɗan kuɗi ya ga ya fi masa ya sa su cikin mota da ya bar su a banki. Tsohuwar Toyota takan yi shekara biyar a hannun mutum ya sayar da ita fiye da yadda ya saye ta, tamkar mai kiwon sa. Motar lantarki ba ta yi wannan alkawari ba. Batir yana raguwa kowace shekara, sababbin ƙira suna fitowa daga Sin masu nisan zango da sauƙin kuɗi, ta jiya sai ta zama tsohon yayi. Dokar ta kuma haifar da abin da ba a nufa ba: tun da an hana shigo da motar mai, waɗanda ke cikin ƙasa suka ƙara daraja, masu su suka ƙara riƙe su. Tsohuwar mota mai hayaƙi, wadda ita ce ya kamata ta fara barin titi, ita ce yanzu ake lallaɓawa.

Bayan gari

Cikin birni motar ta isa. Yawancinsu suna yin kilometir 250 zuwa 400 da caji guda, ko da yake abin da kamfani ya rubuta kullum ya fi abin da hanya ke bayarwa. Zuwa Adama, wajen kilometir 100 bisa babbar hanyar da aka buɗe a 2014, ana zuwa a dawo. Hawasa, wajen kilometir 275, sai an tabbatar da inda za a jona a can. Bahir Dar kuwa ta wuce kilometir 500, ga hawan kwazazzabon Abay a tsakani. Mai esansi in ya ji tsoron hanya ya ɗauki jarka. Babu jarkar da ke ɗaukar lantarki. A wasu sassan jihohin Amhara da Oromiya ma rashin kwanciyar hankali ya sa tsayawa awa uku a garin da ba a san kowa ba ba abin so ba ne. Saboda haka iyalin da ke da hali sukan riƙe mota biyu, ta lantarki domin gari, ta mai domin ƙauye. Wannan ma ya nuna ko su wane ne dokar ta fi yi wa daɗi.

Nan ne ake iya yi wa gwamnatin Habasha tambaya mai nauyi. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120, motocinta duka ba su kai miliyan biyu ba. Harajin da aka yafe wa mai sayen motar lantarki kuɗi ne da baitulmali ya rasa, aka bar wa wanda ya riga ya fi saura. Wutar da motarsa ke sha da araha, ƙauyawa da yawa da suka sayi takardun lamuni ko aka yanki albashin ƴaƴansu domin gina madatsar ba su gan ta a ɗakinsu ba tukuna. Kuma mafi yawan man da ƙasar ke saye gazuwal ne na manyan motoci da bas da injuna, ba esansin ƙananan motoci ba. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta sufurin jama'a: jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2015, da layin dogo na lantarki zuwa Jibuti da aka ƙaddamar a 2016, da bas ɗari masu lantarki da aka sa a titunan Adis Ababa a 2025, waɗanda aka harhaɗa cikin ƙasar. Bas yana da hanya sananniya, yana kwana wuri guda, ana iya kafa masa caji da makaniki a tasharsa. Duk wahalhalun da ke damun mai ƙaramar mota, bas ya kauce wa yawancinsu, ga shi yana ɗaukar wanda ba zai taɓa sayen mota ba.

Inda Nijar ta yi kama, da inda ta saɓa

Jami'in da ke karanta wannan a Yamai ko Damagaram zai ga kama ɗaya nan da nan: Nijar ma ba ta da bakin teku, ta kuma san abin da rufewar hanya ke jawowa. Amma sauran lissafin a juye yake. Habasha ba ta tace mai, tana da rarar wuta. Nijar tana da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, wutarta kuwa ba ta isa ba. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ake sha a ƙasar daga Nijeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke shi a watan Agusta na 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, kowa ya ga yadda garuruwa suka kwana. Mutum ɗaya cikin biyar ne, ko kusa da haka, ke da lantarki a gida. Sa'an nan zafin watan Afrilu da Mayu, da kan haye digiri 40, yana tsufar da batir da sauri, na'urar sanyaya mota kuma daga batirin take sha.

Abin da Nijar ke da shi a yalwace rana ce. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, ta fara aiki a 2018, ta Gorubanda kusa da Yamai, mai megawat 30, a 2023. Madatsar Kandaji, bisa tsarin da aka yi mata, megawat 130 za ta bayar, watau wajen kashi ɗaya cikin arba'in na babbar madatsar Habasha. Da irin wannan ƙarfi, ƙananan ababen hawa su ne suka fi kusa da hannu. Batirin babur na kabu-kabu ko na keke mai ƙafa uku kilowat-awa kaɗan yake ɗauka, ƴan faifan hasken rana bisa rufin shago suna iya cika shi, ana kuma iya ciro wanda ya ƙare a sa cikakke, kamar yadda kamfanoni ke yi wa masu babura a Kigali da Nairobi.

A Habasha kuwa babban gwaji yana gaba. Kamfanonin da ke ƙera motocin sukan ba batir lamunin shekara takwas ko kilometir 160,000, ga wanda ya saya ta hannun wakilinsu. Wanda ya saya ta hannun dillali ba shi da ko wannan. Direban taksi mai yin kilometir 200 a yini zai cinye wannan zango cikin shekara uku. Motocin da suka shigo bayan sauƙin harajin 2022 za su cika shekara takwas a 2030, shekarar da gwamnati ta sa wa kanta domin kai motocin lantarki kusan rabin miliyan. A lokacin ne dubban masu motoci za su nemi sabon batir, wanda shi ma daga waje yake zuwa, da dalar Amurka, ta tashar Jibuti.